Barista, nawa zan kashe agola ta zama tawa?

Ofishina ciki biyu ne a saman bene a Kaduna, daga ni sai sakatariya da wani matashin lauya da muke raba aiki. Abin da ke ciyar da mu takardun filaye ne da yarjejeniyar haya da rigimar gado. Amma akwai tambayar da ba a rufa wata biyu ba a hawo mini bene da ita ba, kuma kusan kullum namiji ne ke kawo ta, yana magana ƙasa-ƙasa: nawa zai kashe a mayar da ɗan matarsa nasa a takarda.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani mai shagon kayan gini ne. Ya zo da matarsa da yarinya 'yar shekara 9, wadda ya riƙe tun tana tatata. Ya zazzage baƙar leda a kan teburina, ga rasidan kuɗin makaranta, ga katin asibiti, ga takardar sakamakon jarrabawa. A gurbin sunan uba, yarinyar ta soke na mahaifinta da biro ta rubuta nasa, harafin ƙarshe har ya zarce layi. Ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Barista, kin gani ko? Ita da kanta ta zaɓa. Ko nawa ne zan biya."

Sai da na sa sakatariya ta fita da yarinyar sayen lemo, sannan na ce, "Alhaji, mene ne kake tsoro?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Ranar da na faɗi. 'Yan'uwana za su ce agola ba ta cin gado, su fitar da ita da ƙullin kayanta."

Daga nan aikina na gaskiya yake farawa, domin abin da mutum ya zo saye daban, abin da zai yi masa magani daban.

Hanyar doka tana nan. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, ta tanadi ɗaukar yaro a matsayin ɗa ta hannun kotun iyali, Kaduna kuma ta yi tata dokar ta kare yara a 2018. A dokar ta tarayya sai mai nema ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21. Jami'in jin daɗin jama'a zai zo gida ya duba, ya rubuta rahoto. Kuɗin shigar da takarda a kotu ba shi ne mai nauyi ba. Ladan lauya, zirga-zirga, ɗage zama, da ranakun da mutum zai rufe shago, su ke cin aljihu. Sannan ga babban dutse, wato amincewar mahaifi. Muddin yana raye kuma ba yasar da ɗansa ya yi ba, galibi sai ya sa hannu. Ban cika ganin uban da zai rubuta cewa ya sallama jininsa ba, ko da ya shekara bakwai bai aiko da ko sabulu ba. Masu neman takardar don fita waje da yaro kuwa, ina gaya musu tun farko cewa Birtaniya ta taƙaita ɗauko yara daga Najeriya tun 2021.

Shi Alhaji musulmi ne, don haka ko an kashe wannan kuɗin duka, bai sayi abin da yake so ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Zaidu bin Harisa ma, da ake ce wa ɗan Muhammadu, an mayar masa da sunan mahaifinsa. Ranar rabon gado nasaba alƙali zai tambaya. Ranar ɗaurin aure kuma dangin ubanta za a fara nema don walicci. In an goge sunan uban, an jefa ta cikin wahalar karɓar gadonta na can, wanda shi ne haƙƙinta tabbas. Shi ya sa nake ƙin aikin da wasu ke karɓa da murna: takardar rantsuwa a kotu, sanarwar canjin suna a jarida, shi ke nan. Yana da arha, minti kaɗan ne, amma bayan shekaru sai a tarar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tana faɗin suna ɗaya, lambar NIN tana faɗin wani, yarinya ta tsaya cirko-cirko wajen neman fasfo.

Na jawo farar takarda na yi masa lissafi. Agola ba magajiya ba ce, saboda haka wasiyya ta halatta gare ta, har zuwa sulusin dukiya. In ya bar naira miliyan 9 bayan biyan bashi, yana da ikon yi mata wasiyya da abin da bai wuce miliyan 3 ba, magada ba su da ta cewa. Wadda ta fi wannan ƙarfi ita ce kyauta tun yana raye. Sai dai a mazhabar Malikiyya dole abin ya fita daga hannun mai kyauta ya shiga hannun wanda aka ba kafin mutuwa, in ba haka ba kyautar ta rushe. Na sha ganin wannan a kotu, mutum ya yi ta faɗi a majalisa cewa ya ba wance fili, bai taɓa miƙa takarda ba, ya rasu, magana ta bi iska. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin niyyar mamacin kowa ya san ta.

To nan kuɗin Alhaji ya tafi: rubuta takardar kyautar fili ga yarinyar, shaidu biyu, harajin hatimi, da rajistar filin a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, tare da amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Ladana bai kai abin da zan samu ba da na bi shi mun shiga kotu, kuma har da man motata na haɗa zuwa wajen baffan yarinyar a Zariya. Mun zauna a zaure, na gaishe shi, na ce, "Baba, ba ƙwace muku 'ya muka zo yi ba. Riƙo muke so a rubuta, sunanku yana nan." Dattijon ya daɗe yana kallon Alhaji, sannan ya ce a kira mahaifin a waya. A ranar aka rubuta yardarsa cewa makaranta da asibiti da tafiya duk suna hannun mai riƙo.

Da takardar filin ta fito, Alhaji ya zo karɓa da yarinyar. Ya miƙa mata ta karanta, ta karanto sunanta da na mahaifinta, sai ta ɗago ta ce, "Abba, ina naka?" Ya nuna mata ƙasan shafin, inda ya sa hannu.