Yashin Bakin Kogin Mandobi da Ganuwar Aguwada

Duk mai tuƙa kwale-kwale a Yawuri ya san kogi ba ya barin yashi wuri guda. Wannan ilimin shi ne mabuɗin tarihin yaƙi a bakin kogin Mandobi, a yankin Gowa da ke yammacin Indiya, inda Turawan Fotugal suka yi mulki shekara 451.

A farkon 1510, kusan zamanin da Kanta ke kafa daular Kabi, jagoran mayaƙan Fotugal, Afonso Albukeke, ya shigo kogin da jiragensa ya ƙwace garin Gowa daga hannun Sarkin Bijafur, Adil Shah. Cikin watan Mayu mayaƙan sarkin suka dawo da ƙarfinsu, Albukeke ya koma jirage da niyyar fita teku. Ashe ya makara. Da damina ta kama, iskar kudu maso yamma tana turo igiyar ruwa ciki, kogi kuma yana turo laka waje, inda suka haɗu sai tudun yashi ya toshe mashigar. Babban jirgi ba ya wucewa. Haka suka yi zaman dole cikin kogin har watan Agusta, ga yunwa har ta kai su cin ɓeraye, ga igwa daga gaɓa. Sai ranar 25 ga Nuwamba ya sake kama garin.

Kuskuren da ya biyo baya na wurin gini ne. A 1551 Turawan Fotugal suka gina sansanin Reis Magos a gaɓar arewa, daidai inda kogin ya tsuke. Wuri ne mai kyau in abokin gaba zai shigo ciki. To, in ya ƙi shigowa fa? Abin da Turawan Holan suka yi ke nan a 1604: suka tsaya can waje, inda harsashin igwa bai kaiwa, suka tare hanyar jiragen fatauci.

Shi ya sa aka kammala ganuwar Aguwada a 1612 a kan tsaunin da ke fuskantar teku. Da marmara aka yi ta, irin jan dutsen nan da muke haƙa a nan gida: yana da taushi lokacin sara, ya taurare in ya sha iska. Gini biyu ne. Na ƙasa yana bakin ruwa don kare jiragen da suka yada zango, na sama kuma yana da gwalalo kewaye da ɗakin albarushi. Igwa 79 aka tanadar wa wurin. Amma ni a ganina ruwan sha ya fi igwar muhimmanci, sunan ma daga kalmar ruwa ya fito a harshen Fotugal. Akwai ma'ajiya a ƙarƙashin ƙasa mai cin galan sama da miliyan biyu, jirgin da ya yi watanni daga Lisbon a nan yake cika gangunansa.

Duk da haka ba ta hana tarewa ba. Daga 1636 jiragen Holan sukan zo bayan damina su zauna har rani ya ƙare, a 1639 kuma suka zagaya ta bakin kogin Zuwari da ke kudu suka ƙone manyan jirage uku a tashar Mormugawo.

Daga baya Fotugal ta mai da ginin ƙasa na Aguwada kurkuku, ta tsare masu neman 'yanci a ciki. Sojojin Indiya da suka karɓe Gowa ranakun 18 da 19 ga Disamba 1961, akasarinsu ta tudu suka shigo.