Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Rumbu a Gidan Tate

Makon jiya mun tsaya a Castlemorton, filin kiwon nan da ke gindin duwatsun Malvern a Ingila, inda a watan Mayun 1992 dubban mutane suka yi kusan mako guda suna casu ba dare ba rana. Zannuwa 11 na kai wurin. Huɗu kacal na dawo da su, su ma duk taɓo da ƙunar sigari.

Ga wanda bai biyo mu tun farko ba, sana'ata a lokacin ita ce ƙawata wurin casu. Zanin gado nake saya a gwanjo, in haɗe biyu ko uku, in zana idanu da kifaye da matakalar da ba ta kai ko'ina ba. Fentin kuwa irin mai ƙyallin nan ne da ba ya nuna kansa sai an haska masa fitilar UV, wato fitilar nan mai hasken shunayya da ake kunnawa a cikin duhu. A cikin duhun sito, janareta na ruri, lasifika na dukan ƙirji, sai ka rantse kifayen nan iyo suke yi. Gari na wayewa, ka ga tsumma ne kawai mai ruwan ɗorawa da kore, ko gyatuma ba za ta yi shimfiɗa da shi ba. Na san haka sarai, na dai ƙi tsayawa in duba.

Gwamnati ce ta tilasta mini dubawa. A 1994 aka yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro a fili, su kuma ƙwace kayan sauti. Har kiɗan namu sai da aka siffanta a cikin dokar, wai sauti mai bugu da ke ta maimaita kansa. Mun yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Wasu abokaina suka loda lasifikoki a manyan motoci suka tsallaka Faransa, wasu suka koma gidajen rawa masu lasisi, inda mai gida ya fi son fitila mai juyi a kan zanin gadona. Na wayi gari ba aiki, na koma ɗakin Umma a unguwar Hackney ta birnin Landan.

Umma ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Wata rana ta tarar na baje zannuwan a falo da rana tsaka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai wannan, abin da ka bar karatu dominsa ke nan?" Na ce, "Umma, ai sai da dare yake kyau." Ta ce, "To, ni da rana nake gani." Ta wuce kicin abinta.

Maganar ta zauna mini a wuya kamar ƙayar kifi. Bayan 'yan kwanaki na shiga gidan zane na Tate da ke Millbank a Landan, kuma gaskiya sanyi ne ya kora ni, tunda shiga kyauta ce. Can na ci karo da wani zane da Max Ernst, mai zane haifaffen Jamus, ya yi a 1921, wanda ake kira Celebes. Wata ƙatuwar halitta ce mai kama da giwa, mai kama da tukunyar ƙarfe, hancinta kamar mesa, kifaye na yawo a sararin sama, ga wata mace ba kai a gefe ta ɗaga hannu. Ni kuwa abin da na gani rumbu ne, irin wanda na sani a gidan kakana lokacin da aka kai ni hutu ina yaro. Daga baya na karanta cewa lallai daga hoton wani rumbun laka na Afirka Ernst ya ɗauko siffar. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kifayen. Ga kifi a sama kamar nawa, amma ba janareta, ba hayaƙi, ba wanda ya sha komai, kuma yana iyo.

Da kuɗin ragowar fitilun UV ɗina na sayi fentin mai da burushi uku. Wahala ta fara. Fentin casu kafin ka sha shayi ya bushe. Na mai sai ya yi kwanaki yana danƙo, in ka yi gaggawa launukan su cakuɗe su koma kalar kunun kanwa. Hannuna ya saba da faɗin bango, yanzu an ce ya zauna a ƙyallen da bai kai tabarmar sallah ba. Wata biyar ina kankarewa ina sakewa. Ɗakin ya cika da warin tafentain, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, har Umma ta kafa mini dokar buɗe taga ko ana ƙanƙara.

Na farkon da na bari ya tsira, sito ne da asuba bayan an watse, lasifikoki sun tsiro saiwa sun kama ƙasa, akuya na tsaye a kan ɗaya. Na jingine shi a falo ban ce komai ba. Umma ta wuce shi sau biyu, a na uku ta tsaya ta ce akuyar nan yunwa take ji.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin matar da ta zo sayen tsohon firijinmu, ta tafi da akuyar a bayan motarta.