Tsibirin da ake yi wa bishiyoyi ƙidaya

Daga birnin Panama mota ta kai mu Gamboa, wani ƙaramin gari a bakin mashigin ruwan Panama, inda jirgin ruwan cibiyar binciken kimiyya ta Smithsonian ke kwasar masu bincike da baƙi tun da sassafe. Tsibirin Barro Colorado muka nufa. Asalinsa kan tudu ne. Da aka datse kogin Chagres lokacin gina mashigin, wanda aka buɗe a 1914, sai ruwa ya cinye kwarin da ke kewaye, tudun ya zama tsibiri a tsakiyar tafkin Gatun. Tun 1923 aka keɓe shi, ba sara, ba farauta.

Muna sauka aka ce kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa saboda kaska. Muka hau matakala masu yawa, birai na ta gurnani a sama kai ka ce wata babbar dabba ce, sannan muka kama siririyar hanya zuwa tsohon dajin da ke saman tudun.

A ido, babu abin da ya taɓa wurin. Ga rimi nan wanda saiwoyinsa suka fi mutum tsayi, ga inuwa mai duhu da rana tsaka. Sai mai yi mana jagora ta tsaya gindin wata 'yar bishiya da ba ta fi kaurin yatsa ba, ta nuna mini ɗan ƙarfe mai lamba da aka ɗaura mata da zare. Na waiga, ashe kowace tana da nata, manya kuma an kafa musu da ƙusa. Mun shigo filin hekta 50 da masu bincike Stephen Hubbell da Robin Foster suka shata a 1980. Duk bishiyar da kaurinta ya kai santimita 1 ana auna ta daidai ƙirjin mutum, a rubuta sunanta da inda take, a kuma dawo bayan shekara biyar a ga ko ta girma ko ta mutu. Sun haura 200,000, iri kusan 300. Aiki ne na masu haƙuri, kuma ni a ganina ya fi yawancin tarukan sauyin yanayi amfani.

Ana cikin ƙidayar farko fari mai tsanani na El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan rikita damina, ya faɗo a 1982 zuwa 1983. Ƙidayar da ta biyo baya ta nuna mutuwa ta ƙaru, musamman a cikin manyan bishiyoyi, kuma irin masu son laima, waɗanda ke zaune a gangare, suka yi ta raguwa. Jagorar ta ambaci bishiyar Poulsenia armata a cikin waɗanda suka ja baya sosai. Daji bai buɗe ba, domin duk inda wata ta faɗi wasu na tasowa. Masu tasowar ne ba lalle su zama irin waɗanda suka tafi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne igiyoyin daji, tsirrai masu yaɗo da ke hawa jikin bishiya har ƙololuwa. Na riƙe wata mai kaurin cinya, ta murɗe ta bar tabo a jikin bishiyar da ta hau, ganyenta kuma ya lulluɓe kan bishiyar can sama. A ƙarshen shekarun 1960 kashi 32 cikin 100 na manyan bishiyoyin da aka duba a tsibirin ne ke ɗauke da su. A 2007 sun kai kusan kashi 75. Masana ba su daidaita kan dalili ɗaya ba. Wasu na cewa igiyoyin sun fi jure rani, suna ci gaba da girma lokacin da bishiya ta dakata. Wasu na danganta shi da yawan faɗuwar bishiyoyi, tunda a gurbin haske suke yaɗuwa, wasu kuma da iskar kabon da ta tashi daga kusan kashi 340 cikin miliyan na iskar da muke shaƙa a 1980 zuwa sama da 420 yanzu.

Ba Panama kaɗai ba. Kusa da Manaus a Burazil, binciken da William Laurance ya jagoranta a 2004 ya gano manyan bishiyoyi masu saurin girma na ƙaruwa a dajin da ba a sara ba, masu jinkirin girma na ƙarƙashin inuwa suna raguwa.

Kafin mu gangara, jagorar ta nuna mana gaɓar Gigante a tsallaken ruwa. A can, a 2011, aka sare igiyoyin a wasu filaye aka bar su a wasu don kwatantawa. Inda aka bar su, kabon ɗin da dajin ke tarawa a shekara bai wuce kusan kwata na inda aka sare ba.