Abin da na koya daga 'yar na'urar ƙirga

Lokacin da na fara alƙalancin wasan besbol na yara a Amurka, a hutun jami'a, abu na farko da aka damƙa mini shi ne wata 'yar na'urar roba da ba ta cika tafin hannu ba. Indiketa ake ce mata, kuma ita ce dai alƙalan softbol ke riƙewa. Tawa tana da faifai uku da ake murzawa da yatsa: na jifar da ta kauce, wato bol, da na sitiraik, wato jifa mai kyau da mai duka bai doka ba ko wadda ya kai wa duka ya kuskure, da na 'yan wasan da aka fitar. Bol 4, mai duka ya wuce zangon farko kyauta, wato wurin tsayawa na farko a zagayen fili. Sitiraik 3, ya fita. A hagu ake riƙe ta, saboda da dama ake yanke hukunci.

Na ɗauka aikin ke nan, murza ka duba. A mako na biyu ƙwallo ta kuɓuce wa mai caɓewa, wani yaro ya sheƙo daga zango na uku, ni kuwa kaina na sunkuye ina duba lamba. Ƙura kawai na gani. Hukuncin da na yanke na zato ne, kuma har yau fuskar yaron nan tana dawo mini.

Bayan wasa, dattijon da muke aiki tare ya karɓi na'urar, ya sa 'yar zarto ya yi wa kowane faifai tsaga daidai kan sifili. Ya ce daga yau yatsa ne zai karanta, ido kuma ya zauna a fili. Da wannan tsagar nake mayar da ƙirga farko idan sabon mai duka ya shigo, ba tare da na kalla ba.

Inda hannu ya fi yaudara shi ne idan sitiraik ya kai 2, aka doki ƙwallo ta fita gefen layi. Ƙirga ba ta motsawa, amma yatsa na ƙaiƙayin murzawa. Shi ya sa nake yawan ɗaga hannu in faɗa da ƙarfi, bol a yatsun hagu, sitiraik a na dama, don in na kuskure a gyara mini tun kafin jifa ta gaba.

Jimillar jifa kuwa ba aikin indiketa ba ne. A dokar Little League, hukumar shirya wasan besbol na yara, ɗan shekara 11 ko 12 jifa 85 ce iyakarsa a rana, don a kare masa kafaɗa da gwiwar hannu. Wani ne a gefen fili ke rubuta wannan, ni kuma nakan je in tambaye shi duk lokacin da ƙungiyoyin ke musayar wuri.