Wuƙa uku a kan tebur

Asabar, da dare.

Tun da sassafe saƙon ƙanena ya tashe ni. Hotuna uku ya turo, duk na wuƙar aljihu mai naɗewa, a ƙasa ya rubuta: "Yaya, wacce zan ɗauka? Kuɗin hannuna sun isa ko wacce cikin biyun farko, ta ukun kuwa sai na ƙara tari na wata uku." Ta farko ƙarfenta D2, ta biyu 14C28N, ta ukun MagnaCut. Na ce masa ya dakata zuwa dare, don yau ne abokina zai kawo sabuwar wuƙar da ya yi wata da watanni yana ba ni labarinta. Gani ya kori ji.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ya iso. Ko zama bai gama yi ba ya zaro ta daga aljihu ya miƙo mini. Gaskiya wuƙar ta yi kyau. Ƙotarta taitaniyam ce, da ɗan sanyi a tafin hannu, an goge duk wata kusurwa har babu inda ke cizon yatsa. Da ka taɓa ɗan kunnen da ke bayanta da manuniya sai ruwan wuƙar ya fito sumul a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ka ji ƙas, makulli ya kama. Na girgiza ruwan hagu da dama, ko motsi. Na naɗe ta na duba ta sama, ruwan na zaune daidai tsakiyar ƙota. Irin makullin nan ne da wani yanki na ƙotar kanta ke lanƙwasowa ya tokare gindin ruwa, wanda maƙerin wuƙa Chris Reeve ya shahara da shi a wuƙarsa Sebenza, sunan da ke nufin aiki a harshen Zulu. Tushensa makullin da wani maƙerin, Michael Walker, ya gyara a 1980 ne, wanda ake yi da siririn faranti a cikin ƙota. A jikin ruwan an rubuta M390, sunan ƙarfen da aka yi shi da shi. Da ya faɗa mini abin da ya biya, na lissafa ya haura ninki goma na tsohuwar Opinel ɗina.

Sai na ɗauko nawa biyu na jera kusa da tasa. Opinel mai lamba 8, ƙotar icce, ruwa santimita 8.5, ƙarfen kabon wanda shekaru suka mayar toka-toka. Joseph Opinel ya fara ƙera irinta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, zoben da ake murɗawa a kulle ta kuma sai 1955 aka ƙara shi. Ba ta da maƙalin aljihu, ba ta buɗuwa da hannu ɗaya. Waɗannan biyun kamfanin Spyderco ne ya haɗa su a wuƙar aljihu a 1981, yau kuma kusan kowace sabuwar ƙira da su take fitowa. Ɗayar tawa mai D2 ce, na saye ta shekara huɗu da suka wuce.

Akwai tarin kwalaye da na daɗe ina son yankawa, muka ce bari su raba mana gardama.

Tasa ta fara. Kafin nan sai da ya aske gashin hannunsa da ita don in ga kaifi, kuma da kaifinta. Amma da ya kafa ta a kwali mai ninki biyu, bakin ya shiga, sauran jikin ya ƙi bi. Sai da ya danna da ƙarfi, kwalin na tsagewa gaban wuƙar kamar an buga gatari a icce. Na karɓi gefen kwalin na sa Opinel, ta zarce har ƙasa da ɗan sautin shuu, gefen yankan ya fita tas. Ya dube ni, ya dubi wuƙarsa, ya ce in sake. Na sake. Sai na ɗauko ma'aunin kauri. Gadon bayan tasa ya kusa milimita 4, na Opinel bai wuce 2 ba. Abin da ya fi muhimmanci ma shi ne kaurin da ke bayan kaifin kansa, daidai inda wasa ya ƙare, a nan tasa ta ninka tawa. Bakin wuƙa buɗe hanya kawai yake yi, sauran ruwan ne zai bi ta cikin abin da ake yanka, in ya yi kauri kuwa dole ya tura gefe da gefe kafin ya wuce.

Ban so in tsaya nan ba, don da na tsaya na zalunci wuƙarsa. Muka ci gaba da yanka har tarin ya kusa ƙarewa. Kwali yana cin kaifi fiye da yadda ake zato. Opinel ce ta fara gajiya, da na gwada ta a takarda sai ta riƙa yaga maimakon yanka. Mai D2 ta ƙara jimawa. Tasa kuwa har muka gama tana yanka takarda kamar ba ta yi komai ba. Nan fuskarsa ta saki, kuma ya cancanta. Abin da ya biya kuɗi dominsa ke nan: M390 na ɗauke da kabon kashi 1.9 cikin ɗari, kuromiyam kashi 20, banadiyam kashi 4. Waɗannan suna haɗuwa su zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, su ne ke hana baki saurin dakushewa.

Na jiƙa dutsen wasa, na ja Opinel 'yan ja kaɗan a kowane gefe har na ji siririn zaren ƙarfe ya taso a bakin da ɗan yatsana, na goge shi a fata. Minti uku bai cika ba ta koma aski. Ya tambaye ni ko tasa ma haka za ta yi in ranarta ta zo. Na ce a'a, ƙwayoyin banadiyam sun fi hatsin dutsen wasa na yau da kullum tauri, sai ya nemi farantin wasa mai garin lu'ulu'u, da haƙuri. Ya yi shiru, don bai sa wannan a lissafi ba.

Abu uku ake nema a ƙarfen wuƙa, kuma ba sa son zama ɗaki ɗaya: riƙe kaifi, jure karo ba tare da baki ya ɓantare ba, da ƙin tsatsa. In ka ja ɗaya sama, sau da yawa wani ya sauka. D2 ce ta koya mini wannan. A takarda tana da kuromiyam kashi 12, ya haura kashi 10.5 da ake ɗauka a matsayin mafarin ƙarfen da ba ya tsatsa. Amma kabon ɗinta, kashi 1.5, ya kama kaso mai yawa na kuromiyam ɗin ya ɗaure, abin da ya rage don tsare ƙarfen bai da yawa. Wata rana da zafi na wuni da ita a aljihu, zufa ta shige ta, washegari na tarar da ɗige-ɗige jajaye kusa da gindin ruwan. Har yanzu tabon na nan, na nuna masa. 14C28N da kamfanin Sandvik na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro kuwa kabon ɗinta kusan kashi 0.6 ne kawai, kuromiyam 14, da ɗan naitirojin. Ba ta kai D2 riƙe kaifi ba, amma ba ta saurin ɓantarewa, tana ɗaukar siririn baki, kuma dutse kowane iri yana cin ta.

MagnaCut ita ce ta ba ni sha'awa tun fitowarta a 2021. Larrin Thomas, masanin ƙarafa a Amurka, shi ya tsara ta. Kuromiyam ɗinta kashi 10.7 ne, ƙasa da na D2, amma ta fi ta ƙin tsatsa nesa ba kusa ba, saboda an auna haɗin yadda banadiyam da niyobiyam za su kama kabon su bar kuromiyam ya yi aikinsa. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ina fatan mallakar ɗaya. Sai dai sunan ƙarfe a jikin ruwa rabin labari ne. Sauran yana wurin gashi, yadda aka zafafa ƙarfen, aka sanyaya shi, aka sake ɗumama shi har ya tsaya a taurin da ya dace. Yawancin wuƙaƙen aljihu suna tsakanin 56 da 62 a ma'aunin tauri na Rockwell, kuma tazarar maki biyu tana bayyana a aiki. Wuƙar Buck 110 da ta fito a 1964 yanzu da 420HC ake yin ta, ƙarfen da masu son sabbin sunaye ke rainawa, amma gashin da ƙwararren mai gashin ƙarfe Paul Bos ya tsara wa masu ƙera ta ya sa mafarauta ba su daina yabonta ba.

Da yamma muka ɗan yi musu. Ya ce ba yanka kaɗai mutum ke saya ba, akwai daɗin riƙewa, da aikin injin da bai bar ko giɓin gashi ba, da sanin cewa abin zai kai ga 'ya'yanka. Ya ce araha ba ta ado. Ban ƙaryata shi ba, don duk lokacin da muke magana hannuna na kan wuƙarsa, ina buɗewa ina rufewa. Abin da ke damuna kawai shi ne masu ƙira da yawa suna zuba ƙarfe mai tsada sannan su bar shi da kauri don kada wani ya yi ɓanɓare da shi ya karya ya dawo da ƙorafi. Sai mai yankan kwali da igiya ya biya kuɗin tsoron da ba nasa ba. Kafin ya tafi ya ce zai nemi mai wasa ƙwararre ya rage masa kaurin bayan bakin. In aka yi haka, wuƙar nan ba ta da na biyu a cikin ukun.

Ɗazu na kira ƙanena. Na tambaye shi me zai riƙa yi da ita, ya ce kwali, igiya, fiƙe fensirin aikinsa, wani lokaci icce. Na tambaye shi ko ya iya wasa wuƙa, ya ce bai taɓa ba. Na ce ya ɗauki ta biyun, mai 14C28N, bayan ya duba kaurin ruwanta bai wuce milimita 3 ba, kuma in da hali ya riƙe ta a hannu ya matse sosai ya ji ko maƙalin aljihun zai soki tafinsa. Abin da ya rage na kuɗin ya sayi dutsen wasa mai fuska biyu.

"To ita MagnaCut ɗin fa, Yaya?"

Na ce tana nan, ba inda za ta. Zai zo Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba shi mai D2 ɗina ya fara koyon riƙe kusurwa a kanta, digiri 17 zuwa 20 kowane gefe. Na goge Opinel, na ɗiga mata mai a gindin zobe, na mayar da ita aljihun rigar gobe.