Wanda ya riƙe mana fada

Jiya na bi ta ƙofar gidan da muka kafa fadarmu, wato majalisar hira da shan shayi ta samari, a Damagaram, na daɗe tsaye ina kallon dakalin.

Bayan taron ƙasa na 1991 a Yamai, da bakin jama'a ya buɗe, samari a unguwanni suka shimfiɗa tabarma, suka ɗora butar shayi kan gawayi, hira har tsakar dare. Mu ma muka kafa tamu. Da farko ba shugaba, gani muke duk abokai ne. Sai da gardamar zaɓen 1993 ta kusa watsa mu, 'yan jam'iyyar CDS da 'yan jam'iyyar MNSD har gaisuwa ta gagare su, sannan muka naɗa wani yayanmu tela ya zama shugaba.

Dokokinsa ba yawa: ba a katse mai magana, ba a taɓa iyayen kowa, wanda ya karya shi zai sayi sukarin mako. Abin da har yau ke taɓa zuciyata, ranar da shi kansa ya katse wani cikin fushi, washegari da sukarinsa ya iso, ba wanda ya tuna masa.

Allah ya jiƙan Yaya. Butarsa tana wurina har yanzu.