Ina yaran suke kwana?

Ranar 15 ga Afrilun 2025 da daddare na tura fayil na ƙarshe, na ajiye wa Oga makullinsa a kan tebur, na fita na kama jirgin ƙasa zuwa gida. Kakar haraji shida ke nan na yi a wannan ɗan shagon namu na cike takardun haraji da ke Bronx a birnin New York, tsakanin mai aika kuɗi da mai sayar da manja da garin tuwo. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kujera ya san yadda Fabrairu take, ba sai na ba shi labari ba. Mutane da yawa sun tambaye ni dalilin barina, ni kuma nakan ce gajiya ce. Akwai gajiyar, amma ba ita ce ta kore ni ba.

Wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Kawu muke ce masa. Aikin dare yake yi a kasuwar kayan gwari ta Hunts Point, ɗaukar kwalaye daga dare har asuba. Ya zama ɗan ƙasa tun kafin ya yi aure, saboda haka 'ya'yansa biyu da aka haifa a Maraɗi ya yi musu rajista a ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai, suna da fasfo, suna da lambar soshal, wato lambar shaidar da Amurka ke ba mutanenta don aiki da haraji. Uwarsu kuwa ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, takardunta na kan hanya shekara da shekaru.

A Fabrairun 2023 ya zo da W-2 ɗinsa, takardar albashin shekara, da katunan soshal na yaran a cikin wata leda da ya naɗe da roba. Na fara shigarwa. Da na iso inda kwamfuta ke tambayar watanni nawa yaro ya zauna tare da kai a shekarar, hannuna ya tsaya. Na san amsar. Mutumin da ke nuna mini hoton yaransa sanye da kayan makarantar allo a tsakar gida mai ƙasa, ba sai na tambaye shi ko a Bronx suke ba. Na tashi na je wurin Oga, na rage murya na gaya masa.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Soshal ɗin na gaske ne ko na jabu?" Na ce na gaske ne. Ya ce, "Wa ke ciyar da su?" Na ce Kawu. Ya ce, "To me ya rage? Ka sa 12 ka sallami bawan Allah, layi ya kai waje."

Na koma na sa 12. Na zaɓa masa matsayin mai riƙe da gida, na buɗe masa kuɗin yara, tallafin da ake ba iyaye a kan kowane yaro, na buɗe masa EITC, tallafin masu ƙaramin albashi. Fom 8867 ya fito yana tambayata ko na yi bincike kamar yadda doka ta ce, na bi layi ina danna e, e, e. Adadin rifon, wato kuɗin da hukuma za ta biya shi, da ya bayyana a saman allo ya sa Kawu ya cire hularsa ya shafa kai. Ya ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka. Bana zan rufe ɗakin nan da kwano." Na ce amin. Har yau wannan amin ɗin tana damuna fiye da sauran.

Ba zan ce hujjar Oga ba ta shige ni ba, domin irin hujjar da aka raine mu a kanta ce. A wurinmu wanda ke ciyarwa shi ne uban gida, ko yana Kurmi ko yana Makka. Mutum yana fita aiki cikin ƙanƙara, duk wata yana tsaye a layin aika kuɗi, kuɗin makaranta shi ne, magani shi ne, ragon suna shi ne, sannan a ce masa ba shi ke riƙe da gida ba? Sai dai hukumar haraji ta IRS, a kan waɗannan tallafin, ba ciyarwa take fara dubawa ba, kwana take ƙirgawa. Yaro ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara. Na EITC ma ya fi tsanani, dole zaman ya kasance cikin Amurka. Akwai sassauci ga yaron da ya tafi makaranta ko jinya zai dawo, kuma na ga abokan aiki suna ja da wannan sassaucin har ya kusa tsinkewa, amma yaron da aka haifa a can, bai taɓa zuwa ba, ina ya tafi balle ya dawo? Duk wannan na karanta shi kafin in karɓi PTIN ɗina, lambar mai cike wa mutane haraji. Ba jahilci ya sa na danna ba. Layi ne, da kason da nake samu a kan kowane fayil, da tsoron fuskar Oga.

Shekara ta zagayo, Fabrairun 2024, kwamfuta ta kwafo bayanan bara, ni kuma ban taɓa komai ba. Wannan karon ko Oga ban tambaya ba.

Cikin azumi Kawu ya shigo da la'asar, leɓensa a bushe, da ambulan a hannu. CP75 ce, wasiƙar bincike daga IRS. Sun riƙe rifon ɗinsa, suna so ya kawo shaidar cewa yaran tare da shi suke: takardar makaranta, ko ta asibiti, mai ɗauke da adireshinsa. Ya miƙo mini ya ce, "Mi suka ce, ɗana?" Na karanta sau biyu don in sami lokacin haɗa abin da zan faɗa.

Abin da Oga ya yi a ranar shi ne ya raba ni da shagon, ko da yake sai da na ƙara shekara guda kafin ƙafata ta bi zuciyata. Ya ja ni bayan labule ya ce akwai wanda ya sani da zai rubuto takarda cewa yaran suna zuwa makarantar Asabar da Lahadi a nan unguwa, dala 150 kacal. Na ce ba da ni ba. Ya kalle ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya ce, "To ka duba ƙasan takardar harajin ka ga lambar wa ke kai. Ni ban cike wa kowa komai ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Sunan shagonsa na nan, amma sa hannun nawa ne, kuma tarar mai cikewa a kan fayil ɗin da aka cike a 2024 dala 600 ce a kan kowane tallafi da aka yi wa sakaci. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai a shagonmu Oga ne ke cin kaso mafi tsoka na ladan, askin kuma namu ne.

Na fito na zauna kusa da Kawu a benci, ba a bayan tebur ba, na gaya masa komai. Na ce laifina ne, na sani tun farko. Ya yi shiru har na fara jin ƙarar firinta. Can ya ce, "Ai ni ban ce maka suna nan ba." Na ce haka ne, Kawu, ba ka ce ba. Bai ƙara ko kalma ba, ya naɗe takardarsa ya ce zai je ya kama shan ruwa a masallaci.

Mun amsa wasiƙar da gaskiya. Suka soke na shekarar 2023 da na cike a 2024, suka waiwayi na 2022 da ya riga ya zama kwano a kan ɗaki a Maraɗi. Da tarar kashi 20 cikin ɗari da kuɗin ruwa, bashin ya doshi dala 10,000, ban da na jiha da ya biyo baya. Allah ya taimaka ba su ɗora masa haramcin shekara biyu ba, wanda suke yi wa wanda suka ga ya yi ganganci. Lauyar da ke bin takardun matarsa ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta tambaye ni ko na san cewa takardun harajin nan su ake haɗawa da fom I-864 na ɗaukar nauyi. Wato fayil ɗaya zai ce yaran na Bronx, ɗaya ya ce suna Maraɗi wurin uwarsu, kuma duka biyun mutum ɗaya ya rantse a kansu. Sai da aka gyara komai kafin ta ci gaba, watanni suka tafi a haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai hanya ta halal, a buɗe, tun ranar farko. Ɗan ƙasa ko mai girin kad da matarsa ke waje yana iya zaɓar a ɗauke ta a matsayin mazauniya don haraji, su cike tare. Su biyun za su sa hannu a takardar zaɓin, a nema mata ITIN, lambar haraji ta wanda ba shi da soshal, da fom W-7, a haɗa da fasfonta na asali ko kwafin da hukumar da ta ba da shi ta tabbatar, a aika Austin ta jihar Texas. Sharaɗin shi ne duk abin da take samu a can, ko na ɗinki ne, sai an bayyana shi. Da zarar sun cike tare, yaran da ke kwana wurin uwarsu sun cika sharaɗin zama, tunda 'yan ƙasa ne masu soshal, kuɗin yara ya halatta. EITC dai babu shi ko ta wace hanya. Rifon ɗin ba zai kai wancan ba, amma ba wanda zai zo ya ce a dawo da shi. Me ya sa ba ma yin wannan a shago? Saboda da takarda ake aika shi, ba ta intanet ba, yana ɗaukar mako bakwai zuwa sha ɗaya, kuma shago ba ya iya cire kuɗinsa nan take daga rifon.

Na so in ceto ko da shekara ɗaya ta wannan hanyar, sai na ci karo da bango. Doka ta ce in ba a nemi lambar kafin wa'adin cike harajin shekarar ya wuce ba, kuɗin yaran wannan shekarar ya tafi, ko an yi gyara da fom 1040-X daga baya. Fasfon matar ya mutu, kafin a sabunta shi a Yamai ya iso hannunmu, Afrilu ta yi nisa.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Mahaifiyarka da ke Kano ko Kumasi ba za ta shiga takardarka ba ko nawa kake aika mata, sai in 'yar ƙasa ce ko mazauniyar Amurka, Kanada ko Meziko, kuma gara mutum ya ji haka daga bakinka ya yi fushi ya tafi shagon gaba. Ka rubuta tambayar da ka yi da amsar da aka ba ka, ka ajiye. Kada ka amince da abin da kwamfuta ta kwafo daga bara, musamman in kai ka cike na baran. In maigida ya ce ka danna, ka ce ya zo ya sa lambarsa, za ka ga yadda zai tuna yana da waya da zai amsa. Mai ƙaramin albashi kuma, shirin VITA kyauta yake cikewa, abin da ba a taɓa yarda mu faɗa a shago ba.

A kakata ta ƙarshe W-7 goma sha ɗaya na aika, duk na magidanta masu iyali a gida, Oga yana ta gunaguni cewa ina ɓata kujera. Na Kawu na cikinsu. Na haɗa masa da fom 8862 na neman a maido masa da haƙƙin tallafi, na biya kuɗin aikawa daga aljihuna, ban kuma bari an rubuta masa rasit ba. Kuɗin yara ya fito, dala 1,700 a kan kowane yaro, amma ko sisi bai shiga hannunsa ba, an zare shi kai tsaye an rage bashi. Sauran yana biya wata-wata.

Na haɗu da shi bayan sallar Juma'a makonni kaɗan da barina. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce an sa wa iyali ranar ganawar biza a Yamai. Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne zan buɗe nawa wurin. Na ce ina nema, haya ce ta yi tsada. Ya ce in na samu in gaya masa, akwai wani ƙanensa da ke tuƙin tasi, shi ma ɗiyansa uku suna gida, kuma bana a shagon Oga aka cike masa.